Furushiya ko Ostiriya: wacce runduna za ka fara tarawa?

Tun da na fara jera 'yan sojojin dalma a kan tebur don wasan kwaikwayon yaƙi, abokai ke ta tambayata wacce za su fara tarawa don Yaƙin Shekaru Bakwai na 1756 zuwa 1763, Furushiya (tsohuwar masarautar Jamusawa) ko Ostiriya.

Wajen kuɗi, Furushiya ta fi sauƙi. A dokokin wasa masu lissafin maki, sojan ƙasa na Sarki Frederick na Furushiya yakan ci maki da yawa saboda horonsa da saurin harbinsa, don haka bataliya kaɗan ke cika maka runduna. Sai dai duk wadda ta faɗi, za ka ji a jikinka.

Fenti ma haka. Shuɗiyar rigar Furushiya tana rufa wa mai koyo asiri. Farar rigar Ostiriya kuwa sai mai haƙuri: na taɓa shafa wa bataliya guda fari har sau uku, baƙin fentin da ke ƙarƙashi yana ta leƙowa ta ninkin riga.

Amma in an zo fagen daga, ni Ostiriya ta fi burge ni. Ga 'yan Kuroshiya masu harbi daga cikin kurmi, ga mahayan Hungari, ga igwa mai kyau. Da wannan runduna Daun, kwamandan Ostiriya, ya kafe a kan tuddai ya kayar da Frederick a Kolin a 1757, kafin Frederick ya rama a Leuthen a Disambar shekarar.

Mai son kai farmaki da gama fenti da wuri, ya ɗauki Furushiya. Mai son tsare tudu da tara sojoji iri-iri a hankali, Ostiriya ce tasa.