Mai Jawo Nesa ko Mai Sauya Gilashi: Wacce Ta Dace da Mai Fara Ɗaukar Hoton Tsuntsaye?

Wani ƙanenmu daga Gombe ya kawo tambaya shekaranjiya. Ya ce duk Asabar yana zuwa bakin dam ɗin Dadin Kowa, yana ganin tsuntsayen ruwa kala-kala, amma duk wanda ya ɗauka da waya sai ya fito ɗan ɗigo baƙi a tsakiyar ruwa. Ya tara 'yan kuɗi, an kuma nuna masa kyamara biyu, duka na hannu: Nikon D3500 da ɗan gajeren gilashinta na 18-55mm, wanda ake iya cirewa a sauya da wani, da Nikon Coolpix P950 wadda gilashinta a manne yake, ba a cire shi. Mai shagon ya ce masa ta farkon ce ta ƙwararru. Wacce zai ɗauka?

Ƙanena, na riƙe irin waɗannan biyun duka a dajin Bauchi, don haka bari in ba ka amsa tun daga farko. Idan da wannan ɗan gilashin kaɗai za a ba ka D3500, kuma kuɗinka a kanta za su ƙare, ɗauki P950. Mai shago bai yi maka ƙarya ba, sai dai hankalinsa na kan hoton biki da suna, inda mutane ke tsayawa su jira ka. Tsuntsu ba ya jiran kowa, kuma ba ya yarda ka matso.

Nisa shi ne matsalarka, don haka da shi za mu fara. Lambar nan da ake rubutawa a jikin gilashi da "mm", ita ke nuna yadda yake jawo abu kusa. Gilashin 18-55 a kan D3500, in ka murɗa shi har ƙarshe, daidai yake da kamar 82 a ma'aunin da aka saba kwatantawa da shi. P950 kuwa, wadda ta fito a 2020, tana tashi daga 24 har 2000, ninki 83 ke nan. Wata safiya a dam ɗin Gubi na hangi wasu baƙaƙen abubuwa jere a kan tudun yashi can tsallake, ido bai iya raba su da duwatsu. Da na jawo su, sai ga kirinjijiya, fuskokinsu fari tas kamar an shafa musu alli, wata ta ɗage ƙafa ɗaya tana gyaran gashin wuyan 'yar'uwarta. Da gajeren gilashi ne a hannuna, da abin da zan koma gida da shi hoton ruwa ne da sama. Ga mai koyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sai ka ga launin baki da zanen fiffike sannan za ka san sunan abin da ka ɗauka.

Amma a wajen kyawun hoto, D3500 ta yi mata fintinkau. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti da ke kama haske, shi ne ya maye gurbin fim na da. Na P950 bai kai farcen ɗan ƙaramin yatsa ba, faɗinsa kamar milimita 6 ne da ɗoriya. Na D3500, a girman fili gaba ɗaya, ya ninka shi wajen sau 13. Da rana tsaka ba za ka ga bambanci sosai ba. Inda abin ke fitowa shi ne da sassafe, kafin rana ta ɗaga, ko a ƙarƙashin manyan itatuwan bakin kogin Gaji a Yankari inda inuwa ta yi duhu, kuma a irin wannan lokaci da irin wannan wuri ne tsuntsaye suka fi kai-komo. Hoton P950 sai ya yi yashi-yashi, gashin tsuntsun ya haɗe kamar an shafa shi da yatsa. Na D3500 kuwa zare-zaren gashin za ka ƙirga, abin da ke bayan tsuntsun ya narke ya yi laushi, tsuntsun kaɗai ya fito. Haka ma tsuntsu a sama. Shirwa tana shawagi, ka ɗaga P950 ka jawo, kafin ta gama lalube ta kama saiti, wato hoton ya fito sarai, shirwar ta fice. D3500 tana kamawa da sauri, tana harba hoto biyar a daƙiƙa ɗaya, kuma abin da idonka ke gani ta cikinta shi ne abin da ke faruwa a take, babu jinkiri.

Sai dai duk wannan alherin ba ya zuwa sai da dogon gilashi, a nan ne kuma kuɗin suke. Wanda ya sayi D3500 don tsuntsaye bai tanadi kuɗin gilashi ba, kamar wanda ya sayi doki ne ba sirdi ba linzami. Mafi sauƙin da zan iya ce maka ka nema shi ne Nikon AF-P 70-300mm, wanda a kanta yake zama kamar 450. Ya ishe ka balbela a bayan shanu, da cilakowa a kan tsamiya, da zabin daji in sun fito bakin hanya. Bai ishe ka abin da ke tsallaken Dadin Kowa ba. Na gaba da shi irin su Sigma 150-600mm ne, nauyinsa ya kusa kilo biyu, kuma sau da yawa ya fi jikin kyamarar tsada. P950 gaba ɗayanta kilo ɗaya ce. Ka kuma kula da wani tarko: akwai tsofaffin gilasan Nikon na 70-300 masu araha da ba su da injin saiti a cikinsu, D3500 ita ma ba ta da shi a jikinta. In ka haɗa su, da hannu za ka riƙa murɗawa, tsuntsu kuwa ya daɗe da tashi. Ka tabbata an rubuta AF-P ko AF-S a jikin gilashin, alamar yana da injin saiti a cikinsa ke nan.

Akwai abu biyu da masu sharhin kyamara a Turai ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa su ne rayuwarmu: ƙura da wuta.

Ƙurar hunturu ta taɓa ɓata mini aikin kwana biyu. A cikin buɗaɗɗiyar mota nake, a hanyar daji, watan Janairu, na hangi burtu guda biyu suna takawa a ƙasa cikin ƙonannen ciyayi, baƙaƙe wuluk da ƙahon nan a saman baki. Na yi sauri na cire gajeren gilashi na ɗaura dogo, iska na kaɗawa. Ban lura ba sai da na dawo gida na buɗe hotunan a kwamfuta: duk inda sama ta fito, ga ɗige-ɗige uku a wuri ɗaya, hoto bayan hoto. Ƙura ta zauna a kan farantin. Kyamarar da ba a cire mata gilashi ba ta cika shiga wannan halin ba, ko da yake ita ma hancinta, wato gilashin da ke fita yana komawa, yana son a riƙa goge shi, a kuma ajiye ta cikin jaka in ba aiki take ba. Ta ɓangaren wuta kuma D3500 ce gwana. A ƙiyasin kamfanin, caji ɗaya yana ɗaukar hoto 1,550, na P950 kuwa 290 kacal. In ita ka zaɓa, ka haɗa da batir biyu na ƙari tun a shagon, ka kuma cika su duka daren Juma'a in an kawo wuta.

Kada lambar 2000 ɗin nan ta ruɗe ka. Da zarar hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke tsakaninka da tsuntsu sai ta fara rawa kamar yadda kake gani a kan kwalta a watan Afrilu, kuma duk tsadar gilashi ba ya maganin wannan. Hazo ma haka. Sannan a wannan nisa ko numfashinka yana girgiza hoton, sai ka jingina da bishiya, ko ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwarka, ko ka ajiye kyamarar a kan ɗan buhun yashi a tagar mota. Abin da ya fi komai gyara mini hoto ba a shago na same shi ba, a wurin maharbanmu na da yake. Su kan ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su sunkuya suna takawa a hankali suna kaɗa kai, har su shiga cikin namun daji ba a tsorata ba. Ba sai ka sa kan burtu ba, amma darasin ɗaya ne: tufafi marasa haske, ka rage tsawo, kada ka nufi tsuntsu kai tsaye, in ya ɗaga wuya ka tsaya cak har ya koma kiwo. Wani lokaci ma zama ya fi tafiya. Na taɓa zama kusan awa ɗaya a gindin wata giginya kusa da ruwa, har wani zalɓe ya manta da ni, ya tako ya tsaya inda nake ganin ɗigon ruwa na gangarowa daga tsinin bakinsa. A irin wannan kusanci, kowacce daga cikin kyamarorin nan biyu za ta faranta maka rai.

Tunda ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka gwada. In P950 ce, jawo hancinta har ƙarshe ka mayar sau da yawa, ka saurara ko yana gurnani ko yana sarƙewa, domin in wannan injin ya mutu kyamarar duka ta tafi. Haska tocilan waya a cikin gilashin ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta damina, kuma ba ta goguwa daga waje. In D3500 ce, a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, a cikin bayanan hoto yake, kamar yadda ake duba tafiyar mota. Sannan ka fito ƙofar shago ka nemi kurciya a kan wayar lantarki ka ɗauka, ka faɗaɗa hoton ka dubi idonta. In kuɗin P950 sun gagara, yayarta P900 ta 2015 nisansu ɗaya, haka Canon SX70 HS tana kaiwa 1365 kuma ta fi su rashin nauyi. Wanda aljihunsa ke da zurfi kuma, sababbi irin Canon R50 suna gane idon tsuntsu da kansu su bi shi, amma wannan wani zance ne daban.

Ni dai da P950 nake so ka fara, ka yi shekara ɗaya da ita. Daga Oktoba zuwa Maris baƙin tsuntsaye daga Turai suna sauka a ruwayenmu, da faɗuwar damina shamuwa ta iso ta yi sheƙa a cikin gari, a Yankari kuma an ƙirga sama da iri 350. Za ka san sunayensu da lokutansu da inda suke sauka, daga nan kai da kanka za ka gane ko kana bukatar dogon gilashi. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka matsa wa tsuntsuwar da ke kan ƙwai don neman hoto, in ta tashi rana na iya kashe su cikin ɗan lokaci. A bakin dam kuma, kafin ka fito da kyamara mai dogon hanci, ka je ka gaisa da masu tsaron wurin ka faɗa musu abin da ya kawo ka, ka kuma yi wa masunta sallama. Su ne suka san tudun da dinya ke kwana, da lokacin da take tashi.