Choghadiya, Rahu kalam da muhurta: wanne ne wanne?

Alhaji ka yi tambaya cewa mutuminka na Surat ta ƙasar Indiya da kake sayen yadi a wurinsa ya ce a jira "choghadiya" kafin a sa hannu, wani kuma ɗan Chennai ya ce shi "Rahu kalam" yake gudu, shin abu ɗaya ne ko kowa da nasa. To ba ɗaya ba ne, amma tushensu guda, duk daga fitowar rana suke fara lissafi, babu ruwansu da sha biyun dare irin na agogo. Ni dai bayani nake yi, ban ce kowa ya yi imani da shi ba, lamarin addinin Hindu ne.

Choghadiya ita ce ta 'yan kasuwa, ta fi ƙarfi a Gujarat da Rajasthan. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a raba gida 8, dare ma gida 8, kowane gida wajen minti 90 kenan. Sunaye 7 ne suke zagayawa: Amrit, Shubh da Labh su ne masu kyau, Char tsaka-tsaki ce an fi sonta wajen tafiya, sai Udveg, Kaal da Rog da ake kaucewa. Labh ma'anarta riba, kaga dalilin da mai yadi zai so ta. Ba sai an je wurin malaminsu ba, tana jikin kalanda, yanzu ma a waya kowa yake dubawa.

Rahu kalam kuma, wato lokacin Rahu, wanda a ilimin taurarinsu suke ɗauka mai kawo rashin sa'a, rabon iri ɗaya ne, yini gida 8, sai dai shi bai damu ya nuna maka lokaci mai kyau ba, gida ɗaya tak yake cirewa ya ce kar ka fara sabon abu a ciki. Mutanen kudancin Indiya, musamman jihar Tamil Nadu inda Chennai take, sun fi riƙe shi. In aka ɗauka rana ta fito ƙarfe 6 ta faɗi 6, Litinin 7:30 zuwa 9, Juma'a 10:30 zuwa 12, Lahadi 4:30 zuwa 6 na yamma. Abin da ya ba ni dariya da na jera su gefe da gefe, ranar Alhamis 1:30 zuwa 3 a choghadiya Amrit ce, wato mafi kyau, a wurin ɗan Chennai kuma daidai lokacin Rahu ne, don haka in ka haɗa mutanenka biyu a ciniki ɗaya ran Alhamis bayan azahar, ɗaya yana miƙo biro ɗaya yana janye hannu.

Akwai hora, ita awa-awa ce, 24 a yini da dare, kowace da tauraronta, ta farko ta mai ranar ce, misali Lahadi da Rana ake farawa. Malaman hisabi na nan gida ba za ta yi masu baƙo ba. Mu ma ai kalmar sa'a a bakinmu lokaci ce kuma rabo ce.

Muhurta fa ita ce babbar yaya. A ma'auni minti 48 ce, 30 a yini da dare, kuma akwai sanannu irin Brahma muhurta da take farawa awa ɗaya da minti 36 kafin fitowar rana, lokacin ibadarsu, da Abhijit wajen tsakar rana. Amma in ka ji Ba'indiye ya ce an cire muhurta ta aure ko ta tarewa a sabon gida, wannan zaɓen lokaci mai kyau ne, aikin pandit wato malaminsu ne da littafin kalandarsu panchang, mai gaɓoɓi 5: tithi wato kwanan wata guda 30, ranar mako, nakshatra wato masaukan wata guda 27 (a lissafin Larabawa manzili 28 ne), sai yoga (lissafin matsayin rana da wata, ba motsa jiki ba) da karana wato rabin tithi. Sannan a haɗa da taurarin haihuwar ango da amarya, shi ya sa wani lokaci sai a yi watanni ba ranar biki, in ta samu kuma kowa ya yi caa a kanta, wuraren biki su yi tsada. Hatta kasuwar hannun jari ta Mumbai tana buɗewa na awa guda ranar Diwali, bikin fitilu na 'yan Hindu, suna kiranta muhurat trading.

A ganina bambancin na nauyin aiki ne. Tura kaya ko buɗe shago da safe, choghadiya ko kauce wa Rahu ta isa, aure da harsashin gini sai muhurta. Kuma Alhaji kar ka kwafi ƙarfen da ka gani a jadawali ka ɗauka shi kenan, fitowar rana a Surat daban da ta Chennai, tana kuma canzawa da damina da hunturu, ga Indiya tana gabanmu da awa 4 da rabi. Ka ce masa kawai ya turo maka lokacin a agogon Kano, in ya ce 10:30 na safensu, kai ƙarfe 6 ne, da ka dawo daga masallaci.