Sharhi kan fok ɗin RockShox Recon Silver: sai an saita shi yake nuna darajarsa

Yawancin kekunan hawan dutse da ake sayarwa a gwanjo da fok mai sifirin suke zuwa, irin su SR Suntour XCM. Fok shi ne ƙarfen mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba yana shanye jijjiga. Ba su da laifi a titin unguwa, amma sifirin ɗin ƙarfi ɗaya gare shi, an yi shi ne don matsakaicin mutum. Marar nauyi zai ji shi kamar sanda, mai jiki kuma zai nutsar da shi tun kafin ya taka feda. Shi ya sa na cire nawa na sa RockShox Recon Silver RL mai iska, mai tafiyar milimita 120, wato iyakar nutsewarsa. Na yi damina da hunturu da shi a hanyoyin duwatsun Shere da ke gefen Jos, kuma hukuncina shi ne ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin mai shi zai zauna ya saita shi. Wanda ba zai yi hakan ba gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

RockShox tsohon hannu ne a wannan harka. Paul Turner ne ya kafa shi a Amurka a 1989, kuma da fok ɗinsu na farko, RS-1, Greg Herbold ya lashe gasar duniya ta gangarowa daga dutse a Durango ta Amurka a 1990. Kamfanin SRAM ya saye shi a 2002. Recon yana cikin masu sauƙin kuɗi a jerin kayansu: sandunansa biyu masu shiga da fita na ƙarfe ne, kaurinsu milimita 32, don haka nauyinsa ya kai wajen kilo 2. Ana jin wannan nauyin in za a ɗaga gaban keken a tsallake dutse. Ban ɗauke shi babban aibi ba, amma mai neman keke marar nauyi ya sani.

Kafin a biya kuɗi a duba ko zai shiga keken. Wuyan fok, wato bututun da ke shiga jikin keken, iri biyu ne, miƙaƙƙe da wanda ya fi kauri daga ƙasa. Ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ma haka, akwai siriri na milimita 9 da mai kauri na milimita 15, sannan ga girman taya, inci 27.5 ko 29. Birkin faifai kawai yake ɗauka. Mai gyaran keke ne ya yanke mini wuyan ya ɗaura, aikin da bai fi ƙarfin duk wanda ya san sana'arsa ba.

Abin da mai gyara ba zai iya yi maka ba shi ne saitin iska, domin da jikinka ake auna shi. Bawul ɗin yana saman ƙafar hagu, ƙarƙashin wani ɗan murfi, kuma irin na tayar mota ne. Wannan kamanni shi ke jawo ɓarna, don mutum zai ga kamar mai faci zai iya sa masa iska da injinsa. Kada a yi. Ɗakin iskar ƙarami ne ƙwarai, ɗan abu kaɗan ke canza shi, kuma injin mai faci ba ya ba da damar aunawa daidai. Akwai ƙaramin famfo na musamman mai agogo, wanda ke kaiwa psi 300 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), da maɓallin rage iska kaɗan-kaɗan. Nawa fok ɗin bai zo da shi ba, daban na saya, kuma ina ganin duk mai sayen fok mai iska ya haɗa kuɗin famfon cikin lissafinsa tun farko.

A bayan ƙafar fok ɗin akwai takardar da aka manna mai nuna iskar da ta dace da kowane nauyi. Mafari ce kawai. Ainihin ma'aunin shi ne yadda fok ɗin ke nutsewa idan ka hau ba ka motsi. Ga yadda nake yi: in buɗe makullin da ke hana fok ɗin nutsewa gaba ɗaya, in sa takalmi da hula da jakar ruwan da nake fita da su, wani ya riƙe mini kan keken, in miƙe a kan feda yadda nake tsayawa in zan gangara. Sai in danna fok ɗin sau biyu ko uku ya zauna, a tura zoben robar da ke jikin sandar ya sauka ƙasa, in sauka a hankali ba tare da na ƙara danna shi ba. Tazarar da zoben ya hau ita ake aunawa da rula. A fok mai milimita 120, kashi 20 cikin ɗari milimita 24 ke nan, kashi 25 kuma milimita 30. Ni mai nauyin kusan kilo 75, na tsaya a wajen psi 90, kuma nutsewar kashi 20 ta fi yi mini daidai a gangara mai tsauri, domin gaban keken ba ya dulmiya in na kama birki.

Abu biyu ke rikita mutane a nan. Na farko, tsarin iskar fok ɗin, wanda ake kira Solo Air, ɗakuna biyu ne da bawul ɗaya ke cikawa, na sama mai ɗaukar nauyi da na ƙasa mai tausasa farkon motsi. Sai an danna fok ɗin 'yan lokuta iskar take daidaita a tsakaninsu, don haka a sa iska, a danna, a sake dubawa. Na biyu, ƙarar fitar iska da ake ji in an cire famfo daga tiyon famfon take, ba daga fok ba. Idan aka sake ɗaurawa agogon zai nuna ƙasa da abin da aka sa, saboda iskar fok ta cika tiyon. Ba yoyo ba ne.

Sai saurin dawowa, wanda a ganina ya fi komai canza yadda keken ke tafiya, kuma shi aka fi mantawa. Jan maɓalli ne a gindin ƙafar dama, da hoton zomo a gefe ɗaya, kunkuru a ɗaya gefen. In ya yi sauri da yawa, gaban keken zai riƙa tsalle bayan kowane dutse, tayar ta rabu da ƙasa a daidai kwana, inda aka fi bukatar ta kama. In ya yi jinkiri da yawa, fok ɗin ba zai gama dawowa ba wani dutsen ya same shi, ya yi ta nutsewa har ya taurare, hannu ya fara sagewa. Wannan na biyun ya fi yaudara, don mutum zai zaci iska ce ta yi yawa ya rage ta, abin ya ƙara lalacewa. Gwajin farko a tsakar gida ake yi: a danna kan keken da ƙarfi a saki nan take. Ya kamata ya dawo da hanzari ba tare da tayar ta ɗaga ba. Sauran kuma a kan hanya ne. Na zaɓi wani gajeren wuri mai duwatsu na riƙa maimaita shi, ina murɗa maɓallin ɗas ɗaya kowane zagaye, ban taɓa komai ba sai shi. Duk lokacin da aka ƙara iska sai an ɗan karkata shi wajen kunkuru, domin ƙarfin turowar ya ƙaru.

Shuɗin makullin da ke saman ƙafar dama yana aiki, ina murɗa shi a kan kwalta ko doguwar hawa. Ba ni da ƙorafi a kansa.

Bayan saitin, bambancin a fili yake. Ƙananan tsakuwa da kwazazzaɓan da ruwan damina ya ci sun daina dukan tafin hannuna, tayar gaba tana bin ƙasa, birki ya fi kamawa. Inda na ga iyakarsa shi ne doguwar gangara mai manyan duwatsu in na saki gudu: sandunan milimita 32 suna ɗan lanƙwasa, kuma ba ya shanye duka a jere kamar manyan fok masu sandar milimita 35 ko 36. Ba don wannan aka yi shi ba, kuma farashinsa bai kai nasu ba.

Babban abin da nake so mai saye a ƙasarmu ya ji shi ne batun ƙura. Kamfanin ya ce a buɗe ƙafafun a canza mai bayan awa 50 na hawa, a yi cikakken gyara bayan awa 200. A hunturu, ƙurar nan mai laushi kamar garin tuwo tana taruwa a bakin robar da ke share sandunan, kuma tun kafin awa 50 na ji motsin ya fara cijewa. Ina goge sandunan da ƙyalle mai laushi bayan kowace fita. Ba na bari a wanke shi da fetur ko kananzir, ba na kai shi wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi, don ruwan yana kutsawa ta robar. Baƙin man inji ma ba nasa ba ne. Mansa da giris ɗinsa da robobinsa ba a cika samunsu a shagunan kayan keke na kasuwa ba, odarsu ake yi, kuma suna ɗaukar lokaci. Wanda zai sayi na hannu kuwa ya bi sandunan da farce tun daga sama har ƙasa. In farcen ya maƙale a wani kwarzane, wurin zai ci robar, mai ya fara tsiyaya, kuma canza sandunan ya kusa kuɗin wani fok ɗin.