Na gwada matzo kala uku, ga wanda zan sake saya

Da watan Afrilu ya kama, kantin unguwarmu a New York ya cika da kwalayen matzo, gurasar da Yahudawa ke ci a Idin Ƙetarewa don tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa, ranar da gaggawa ta hana kwaɓinsu tashi. Na sayi kwali biyu, maƙwabciyata Bayahudiya ta ƙara min na uku.

Na farko fulawa ce da ruwa kawai. Ba yis, ba mai, ko gishiri babu. Falle ne mai kusurwa huɗu, an jera masa ƙananan huji don kada ya kumbura a wuta, yana karyewa ƙaras. A baki lami ne, amma da na shafa man shanu na haɗa da shayi sai ƙanshin alkamar ya fito.

Na biyun ne ya sa na fara tambaya. Akwai ƙwai da ruwan 'ya'yan itace a ciki, ya fi laushi, da ɗan zaƙi, yara suka cinye shi a kwana biyu. Maƙwabciyata ta ce ita ba ta cinsa a kwanakin idi. Yahudawan da asalinsu Gabashin Turai ne sun bar wannan ga tsofaffi da marasa lafiya, na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka kuwa da yawansu sun sassauta. Ashe bambancin kayan haɗin daga hukuncin addini yake, ba son bakin mai gasawa ba. Hatsi biyar aka yarda da su, ciki har da alkama, sha'ir da ots (wani hatsi dangin alkama), kuma daga lokacin da ruwa ya taɓa gari zuwa gasawa ba a wuce minti 18. Tunda ots na cikin hatsin biyar, wanda alkama ke yi wa illa nasa yake nema. Na sitacin rogo da dankalin turawa kamanni kawai ya yi, ba ya sauke wajibin cin matzo a daren idi. Masu gishiri da albasa galibi na sauran ranakun shekara ne, kuma ana rubuta haka a jikin kwali, sai dai rubutun ƙanana ne ƙwarai, abin da bai yi min daɗi ba.

Kyautar maƙwabciyata ita ce ta ƙwace zuciyata. Sunansa shmura, da hannu aka murza shi, zagayayye, gefensa ya ɗan ƙone, yana ƙaurin tanderu irin na gurasar Kano. Tun daga girbi ake gadin alkamarsa kada danshi ya taɓa ta, ruwan kwaɓin ma sai ya kwana ya yi sanyi. Ya ninka na inji tsada, kuma falle biyu sun farfashe kafin in buɗe kwalin. Duk da haka shi zan nema baɗi, na fulawa da ruwan nan kuma ya zauna kusa da gwangwanin shayi.