Shagon hoton ƙashi da na kai yarona, ga yadda ta kaya

Jama'a wanda ya tambaya kwanaki ina ake hoton ƙashi ba sai an shiga Kano ba, to ni dai na gwada wani ɗan shago a Ringim kusa da tasha, daga ƙauyenmu tafiyar babur ce. Yarona ɗan shekara 11 ne ya faɗo daga amalanke hannun ya kumbura kamar gora, kakarsa ta dage sai mai ɗori, na ce Hajiya a bari a ga hoto tukuna.

Wajen ƙarami ne, benci biyu da fanka ɗaya, ranar ba wuta sai da muka jira aka sayo man janareto, kusan awa biyu wallahi, wannan kam ban ji daɗinsa ba. Kuɗin bai yi yawa ba. Hoto ya nuna tsagewa ce, likitan da ke zuwa wajen ya sa masa siminti ya ce mu dawo bayan sati biyu.

To a nan ne labarin yake. Da muka koma aka sake ɗauka, na ɗaga hoton a hasken taga sai na ga layin tsagewar ya ƙara faɗi fiye da na farko, gabana ya faɗi, na ce likita kun ɓata wa yaro hannu kenan? Mutumin nan ko a jikinsa, ya ja kujera ya ce Malam zauna, in za ka yi yaɓe a katangar da ruwa ya ci ai sai ka kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar tukuna ko? Ya ce haka jiki yake yi. Bakin ƙashin da ya tsage jini ya daina kai masa, sai ƙwayoyin halittar wajen su mutu, akwai wasu manyan ƙwayoyi masu cin ƙashi da ake kira ostiyokilas, su ne ke zuwa su manne a jikin ƙashin su zuba asid su narkar da mataccen, shi ya sa a sati na biyu layin yakan fi fitowa a hoto. Bayansu sai magina, ostiyobilas, su zo su cike.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wai waɗannan masu cin ƙashin dangin fararen ƙwayoyin jini ne masu share datti a jiki, asalinsu ɗaya daga ɓargo, kuma ba ƙashi kaɗai suke ci ba har ƙwayoyin da suke kan mutuwa suna iya haɗiyewa. Ita ƙwayar in ajalinta ya zo sai ta fito da wata alama a bayanta kamar mai cewa a zo a ɗauke ni, in ba a kwashe ta da wuri ba ta fashe ta jawo kumburi. Kullum biliyoyi ke mutuwa a jikin mutum ana sharewa muna nan muna shan fura ba mu sani ba, Allah mai iko. Ya ce ko ba karaya, duk ƙasusuwa 206 na babban mutum ana cikin rushewa da ginawa ne, kusan kashi 10 cikin 100 a shekara.

Ni wannan zaman na minti goma shi ya saye ni, da wani wajen ne a miƙo maka hoto a ce na gaba. Ya kuma faɗa min gaskiya cewa in da ƙashin ya goce ne ba zai taɓa ba, Asibitin Ƙashi na Dala zai tura mu.

An cire simintin a sati na shida, yaro har ya koma ɗiban ruwa. In za ku je ku yi sammako, ku riƙe tsohon hotonku don suna gwadawa da sabon, kuma ku tafi da ruwan sha, ba a sayarwa a kusa.