Maganin ganye na kumburi: busasshe, kafso ko tatacce, wanne za ku saya?

Kusan duk kwalbar maganin ganye da ake tallata wa masu ciwon gwiwa da kumburin gaɓoɓi tana ɗauke da magana ɗaya: wai bincike ya tabbatar. Sau tari an yi binciken da gaske, sai dai a jikin ɓera. Sanin yadda aka yi shi zai taimaka muku wajen zaɓi.

Gwajin da aka fi yi shi ne wanda Winter da abokan aikinsa suka wallafa a 1962. Ana yi wa ɓera allurar karajinan, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, a tafin ƙafarsa ta baya. Ƙafar ta kumbura, sai a riƙa auna ta awa bayan awa, a kwatanta ɓeran da aka ba maganin ganye da waɗanda aka ba magungunan kumburi na asibiti irin indometasin ko dikulofenak. Ganyen zogale, darbejiya, shuwaka da gwaiba duk sun rage kumburi a irin wannan gwaji, kuma ban raina wannan ba. Amma kumburin yini guda ne, ba ciwon gwiwar da ya shekara goma yana cin mutum ba.

Ga inda masu saye suka fi ruɗewa. Abin da ake ba ɓera yawanci ba dafaffen ganye ba ne. An jiƙa ganyen a itanol ko metanol, wato ruwan sinadari na alkohol, an tace, an busar da ruwan har ya zama ɗan ƙullu mai ƙarfi, wani lokacin ma allurarsa ake yi a ciki. A ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2005, ana raba ma'aunin ɓera da 6.2 don a kimanta na mutum. Idan aka ba ɓera miligiram 400 a kowane kilo, mai nauyin kilo 60 zai buƙaci kusan giram 4 na tataccen. Kafso mai miligiram 500 na garin ganye zalla bai ko kama hanya ba.

Busasshen ganye shi ne na fi natsuwa da shi ga mai ƙaramin ciwo, domin idonku na ganin abin da kuka saya. Ku duba ya riƙe korensa, ya karye ƙaras a hannu, babu warin fumfuna. Ƙarfinsa kaɗan ne, kuma yana bambanta daga wannan ƙunshi zuwa wancan.

Garin ganye a kafso ya fi sauƙin sha, amma a nan ne algus ke ɓuya, tunda gari ba ya nuna asalinsa.

Tatacce mai ma'auni shi ya fi kusa da abin da aka gwada. Nagarinsa yana rubuta sunan tsiron na kimiyya, da ɓangaren da aka yi amfani da shi, da yawan sinadarin da ke aiki, kamar oliyurofin a ganyen zaitun ko EGCG a koren shayi. Ƙarfin nan kuma shi ne haɗarinsa. A 2018 hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 na EGCG ko fiye a rana, a irin waɗannan kafso, yana da alaƙa da alamun rauni a hanta, alhali koren shayin da aka dafa yadda aka saba bai nuna wannan matsala ba.

A tsakanin tsirran, darbejiya ce nake jan kunne a kanta. An ga ta rage haihuwa a gwajin dabbobi, kuma man 'ya'yanta ya sa jarirai farfaɗiya da suma a Indiya da Maleshiya. Kada a ba yaro, kada mai juna biyu ta sha. Zogale da shuwaka na iya sauke sukarin jini, don haka mai shan maganin ciwon suga ya fara tuntuɓar likita.

Kwalbar da aka haɗa ganye bakwai ko goma ba tare da ma'aunin kowanne ba, ku bar ta a kan kanta. Idan ta jawo illa, ba wanda zai san wane ganye ne ya yi ɓarnar. An ma sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe na ciwon gaɓoɓi da aka zuba musu magungunan asibiti irin dikulofenak ko dekzametazon a ɓoye, shi ya sa saurin jin sauƙi ya kamata ya sa ku shakka. Ku nemi tsiro ɗaya, lambar rajistar hukumar magunguna, ranar lalacewa, da tambarin gwaji mai zaman kansa irin USP ko NSF. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi kuwa, asibiti za a kai ta a ranar.