Gargaɗi ga amare da ƙawayensu kan masu damfarar furen takarda

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman amaren da aka sa wa rana da manyan ƙawayen da aka damƙa wa hidima. Akwai damfarar da ke yawo a Instagram da TikTok da sunan sana'ar furen takarda, wato damin furen nan da amarya ke riƙewa ranar kamu ko dina, da manyan da ake jerawa a bango a bayan kujerar ango da amarya.

Sana'ar kanta ba ta da aibu, akwai mata masu cin halal ɗinsu da ita. Amma aiki ne na hannu mai cin rai. Kowane kunnen fure sai an yanke shi da almakashi, a miƙe takardar da yatsa har ta yi lanƙwasa, a shafa gam, a manna a jikin waya, a naɗe wayar da koren tef. Dami guda yana ɗauke da furanni da yawa, ga ganye, ga ɗauri. Saboda haka duk wadda ta ce miki za ta haɗa na amarya da na ƙawaye goma da na bango cikin kwana biyu, kuma a rabin kuɗin da kowa ke karɓa, ki kama kanki. Araha ba ta ado.

Ga yadda suke yi. Shafin cike yake da hotuna masu ɗaukar ido, waɗanda yawanci daga shafukan intanet irin su Pinterest ko Etsy aka kwaso su, aikin wasu mata ne a Turai da Amurka. An rufe wurin sharhi, ko kuma yabo ne zalla. Kina yi wa mai shafin magana za ta ja ki WhatsApp, da "Hajiyata" da "Allah ya sanya alheri", ta ce oda ta yi mata yawa, sai kin ba da kafin alƙalami yau ɗin nan za ta sa ki a layi. Lambar asusun da za ta turo, sunan wani namiji ne daban, ta ce ai na maigida ne ko na ƙaninta.

Daga nan ba gudu take yi ba, kuma a nan muguntar take. Tana amsa saƙonki kullum, tana turo hoton takardu a yayyanke. Jan ki take yi har biki ya rage kwana biyu ko uku, lokacin da ba ki da sararin neman wata. Sannan ta ce an sa kaya a mota, ta ba ki lambar direba. Direban nasu ne. Zai kira ya ce sai an biya kuɗin mota da na 'yan tasha kafin ya sauke kwali. Ke kuma hankalinki na kan lalle da ɗinki da baƙi, sai ki tura. Kuɗin na shiga, lambobin biyu su mutu, shafin ya sauya suna ya koma sayar da atamfa.

Wasunsu har da tayin damin furen kuɗi, ki turo Naira su nannaɗe miki sababbin takardu. Wannan kam asara biyu ce. Babban Bankin Najeriya ya bayyana a watan Fabrairun 2023 cewa yin fure da takardun Naira wulaƙanta kuɗi ne, kuma sashe na 21 na dokar bankin ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla Naira 50,000, ko duka biyun. Sun san wadda aka cuta a wannan harka za ta ji nauyin kai ƙara.

Ni abin da na fi yarda da shi shi ne kiran bidiyo. Ki ce ta nuna miki hannunta a kan aiki, ta haɗa fure ɗaya kina kallo, da kalar ankonku. Mai sana'ar gaskiya murna za ta yi. Mai damfara kuwa kullum kyamararta a lalace take, ko ba ta da data. Ki sa hotunanta a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ki ga inda suka fito. A Instagram kuma akwai wurin bayanin shafi da ke nuna lokacin da aka buɗe shi da sau nawa aka sauya masa suna. In a garinku take, ki tura ƙaninki ya ga wurin aikin da idonsa, kuma cikon kuɗi sai kaya sun zo hannu.

Wadda ta riga ta tura, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki adana rasit da hotunan hirarku kafin ta goge, ki sanar da bankinki a ranar, don da zarar sun kwashe kuɗin daga asusun dawo da shi yana wuya. Sai ki kai ƙara ofishin 'yan sanda ko EFCC da sunan da ke kan asusun, ki kuma faɗa wa sauran ƙawaye kada wata ta tura nata kason.